Bin sawun manyan masu busa saksofon na jaz da tsohuwar teno ɗina

3 ga Nuwamba, 2024

To jama'a, abin da na daɗe ina cewa zan yi yau dai na ɗaura niyya. Tsarin shi ne in bi manyan masu busa saksofon na jaz ɗaya bayan ɗaya bisa zamaninsu, in zauna da faifan kowa in yi ta saurara har ya zauna min a kai, sannan in ciro gaɓa takwas kacal, wato ƴan ƙananan yankunan da ake auna kiɗa da su, daga solon mutum, inda yake busa shi kaɗai ana masa rakiya, in koya da kunne, ba takarda ba komai. Ba wai so nake in zama su ba, ina ni ina su, abin da ke damuna shi ne yadda mutum biyu za su riƙe ƙarfe iri ɗaya mai maɓallai iri ɗaya amma daga nota ta farko ka san wane ne ke busawa. Ni a bukukuwa muke busa, hailaif da kiɗan zamani, jaz kuwa a kunne kawai na san shi.

Kayan aikin ba su da yawa. Teno ce, wato saksofon matsakaiciya mai kaurin murya, gwanjo wadda fentinta ya fara kokkoɗewa, sai rid lamba biyu da rabi, wato ɗan siririn karan nan da ake ɗaurewa a bakin busa, sai waya mai manhajar rage gudun waƙa da mitironom, abin da ke ƙirga maka bugun kiɗa. Akwai kuma wani dattijo da ke min gyara, tsohon ɗan badujalar 'yan sanda ne, Baba muke ce masa. Da na faɗa masa shirin sai ya ce "Ɗana, kafin ka bi yatsun mutum fara neman muryarsa, yatsu kowa na da su." Shi ya tuna min ma cewa Adolphe Sax, ɗan Beljiyam ɗin da ya ƙirƙiro abin ya yi masa rajista a Faransa a 1846, sojoji da manyan ƙungiyoyin kiɗa ya nufa da shi, wato kenan a gidan su Baba saksofon ya fara samun wurin zama kafin baƙaƙen fatar Amurka su ɗauka su mayar da shi abin da muka sani.

14 ga Nuwamba

Coleman Hawkins. Dole da shi za a fara in dai maganar teno ake. Kafin shi teno abin wasa ce a ƙungiya, ana sa ta ta yi ƴan koke-koke na ban dariya, shi ne ya zauna a ƙungiyar Fletcher Henderson daga 1923 zuwa 1934 ya mayar da ita abin da za a ba fili ta yi magana ita kaɗai. Daga nan ya tafi Turai shekara biyar, yana dawowa sai ya ɗauki Body and Soul ranar 11 ga Oktoba 1939, minti uku ne kawai amma har yau ana karatunta.

Abin da ya fara ba ni mamaki, kusan bai busa ainihin karin waƙar ba. A farko ya ɗan taɓa shi kaɗan daga nan shikenan, sai ya shiga bin kod ɗin da ke ƙarƙashi, wato haɗin notocin da ake bugawa tare su tallafi karin, yana hawa yana sauka a cikin kowanne, kuma a hakan faifan ya sayu sosai, talakawa suka so shi. Muryarsa mai kauri ce, cike, tana karkarwa da ƙarfi a ƙarshen kusan kowace nota, kuma yana tura kiɗan gaba ne, ba ya jira. Na ɗauki gaɓa takwas na farko, notocin na samu da kyar amma muryar ina, tawa siririya ce fayau idan na kunna nasa na kunna nawa kunya ke kama ni. Baba ya ce in saki muƙamuƙi in daina cizon bakin busa, iskar kuma daga ciki za ta taso ba daga maƙogwaro ba, kuma in riƙa busa nota ɗaya doguwa kullum da safe har numfashi ya ƙare kafin in taɓa wani abu. Wallahi wannan atisayen gundura gare shi amma ina yi.

25 ga Nuwamba

Na shiga Lester Young kuma gaskiya a nan hankalina ya tashi. Ka baro Hawkins ka kunna Lady Be Good da Lester ya ɗauka a Chicago a 1936 tare da Count Basie, mai fiyano kuma shugaban ƙungiya, sai ka rantse ba iri ɗayan abin busa suke riƙe da shi ba. Muryarsa sakayau take, karkarwa kaɗan ce, kuma bai damu ya nuna maka ya san kowane kod ba. Hawkins kamar mai shiga kasuwa ne da sai ya tsaya a kowace rumfa ya taya kaya ya ji farashi, shi kuwa Lester ta tsakiyar kasuwar zai wuce yana ɗaga wa mutane hannu, kuma su biyun za su isa ƙofar fita lokaci ɗaya.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne da Hawkins ya tafi Turai a 1934 Lester aka ɗauko ya maye gurbinsa a wajen Henderson, kuma ƴan ƙungiyar suka ƙi shi ƙiri-ƙiri wai muryarsa ba nauyi, har matar Henderson ta riƙa kunna masa faifan Hawkins don ya kwaikwaya, mutumin nan ya ƙi, bayan ƴan watanni ya kama gabansa. Shi da bakinsa ya ce wani bature Frankie Trumbauer ne ya fi burge shi yana yaro. Yana riƙe saksofon ɗin a karkace can gefe, ga hularsa mai faɗin baki, mawaƙiya Billie Holiday ce ta laƙaba masa Pres wato shugaban ƙasa, kuma in kana so ka ji yadda busa ke hira da muryar mutum to ka nemi abin da suka ɗauka tare a ƙarshen shekarun 1930, tana rerawa yana ba ta amsa a ƙasa-ƙasa ba tare da ya tare mata hanya ba.

Notocinsa ba su da wuya, har na fara murna. Sai da na ɗora a kan kiɗan na ga inda gizo ke saƙa. Wurin da yake ajiye kowace nota ne matsalar, ba kan bugun yake faɗawa daidai ba kuma bai makara ba, yana shawagi ne a wani wuri da mitironom ba zai nuna maka ba, ga shi yana barin fili, ya yi shiru inda ni da na saba biki zan cika da hayaniya. Akwai kuma dabarar da yake yi ta busa nota ɗaya da yatsu iri biyu, ta fito a buɗe sannan ta fito a toshe, nota ɗaya ce amma sai ka ji kamar magana. Wannan na ɗauka, zan kai shi biki ma.

A nawa ganin duk wanda zai zo bayan nan ko dai ɗan gidan Hawkins ne ko ɗan gidan Lester ko kuma yana ƙoƙarin auren gidajen biyu. Zan ga ko maganar za ta tsaya.

6 ga Disamba

Hunturu ya shigo da ƙarfinsa kuma ba ruwansa da jaz. Rid na bushewa cikin ƴan mintuna in na ajiye, bakinsa ya lanƙwashe ya yi tudu da kwari, sai na jiƙa shi a kofin ruwa sannan in danna shi a kan gilashi da babban yatsa ya miƙe kafin ya yarda ya yi ƙara. Leɓe ya tsage, in na shafa man kaɗanya da yawa kuma ya bi rid ɗin ya kashe shi. Sai ga notocin ƙasa sun fara gardama, na kai wa Baba, ya zura ƴar fitila cikin cikin saksofon ɗin a ɗaki mai duhu ya danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya, sai ga haske na leƙowa ta gefen fata biyu da suka ƙanƙance saboda bushewa. Ya ɗumama su ya gyara musu zama, ya ce in daina barin ta a waje ƙura na shiga.

Saboda haka wannan makon sauraro na fi yi. Ben Webster na saka, kuma dai-dai lokacin ne don shi sarkin notocin ƙasa ne. Ɗan gidan Hawkins ne ba musu, a Cotton Tail da ya yi da Duke Ellington a 1940 gurnani yake yana kartar murya, amma in ya zo waƙa mai sanyi sai ya koma wani mutum daban, iska ta fi sautin yawa, nota za ta ƙare amma kana jin hucin numfashinsa yana ci gaba da karkarwa. Akwai faifan da suka yi da Hawkins a 1957 da Oscar Peterson a fiyano, nan za ka ji bambancin uba da ɗa a fili. Johnny Hodges na gidan Ellington shi ma na taɓa shi, alto yake busawa, wato ƙanwar teno mai siririyar murya, yana zamewa daga nota zuwa nota ba ka jin inda aka yi gaɓa. Sidney Bechet da sofrano ɗinsa, wadda ta fi alto ƙanƙanta, kuwa karkarwar ta min yawa, na san babba ne amma ban zauna ba.

20 ga Disamba

Charlie Parker. Hmm.

Ko-Ko na fara kunnawa, wanda aka ɗauka ranar 26 ga Nuwamba 1945 a kan kod ɗin waƙar Cherokee, gudunsa ya kai wajen bugu 300 a minti da Max Roach a ganguna. Na rage gudun zuwa rabi a waya kuma a hakan ma yatsuna ba su kamo shi ba. Abin da ya ba ni tsoro shi ne da aka rage gudun babu nota ɗaya da ta zama shara, kowane layi yana da kai da gindi, yana bi ta notocin da ke saman kod ɗin, yana kewaye nota ta sama da ta ƙasa kafin ya sauka a kanta, kuma yana buga nauyi a wuraren da ba ka zata ba. Wannan shi ne bibop, sabon salon jaz ɗin da suka gina da Dizzy Gillespie da su Thelonious Monk.

Na haƙura da Ko-Ko na koma Parker's Mood ta 1948, buluz ce, wato tsohon salon waƙar baƙaƙen fatar Amurka, mai tafiya a hankali, kuma nan na gane mutumin Kansas City ne na gaske, duk wannan gudun a kan buluz aka gina shi. Wata wahalar ita ce shi alto yake busawa ni teno, ba a mizanin sauti ɗaya aka gina su ba, abin da ke faɗa masa a tsakiyar hannu ni sai na haura can sama ko in gangaro ƙasa, layin da ke sulɓi a yatsunsa ni sai ya zame min cikas.

Kuma ga maganata ta ranar 25 ga Nuwamba ta samu shaida. Yana saurayi Parker ya kwashi fayafayan Basie ya haddace solon Lester nota bayan nota, wato abin da nake yi yanzu shi ma ya yi, sai dai shi ya faɗa a wata hira da Paul Desmond, wani mai busa alto, cewa akwai shekarun da yake atisaye awa 11 zuwa 15 a rana. To ka ga sakayau ɗin murya da shawagi daga Lester ne, zurfin sanin kod kuwa hanyar Hawkins ce. Ya rasu a 1955 yana da shekara 34, ƙwaya da giya sun cinye shi har likitan da ya duba gawar ya ɗauka ya haura hamsin. Abin takaici matasa da yawa a lokacin suka ɗauka wai ƙwayar ce sirrin busar, suka bi shi suka hallaka. Mu ma a harkar kiɗanmu na nan akwai masu wannan tunanin, Allah ya shirya.

2 ga Janairu, 2025

Bukukuwan ƙarshen shekara sun cinye ni, kusan kullum muna wani wuri. Amma Dexter Gordon ya sauƙaƙa min don shi ne ya ɗauko yaren Parker ya zuba a teno, saboda haka komai na faɗawa a hannu. Dogo ne kusan mita biyu kuma haka muryarsa take, faffaɗa, yana jan ƙafa bayan kiɗan har ka ce zai makara amma ba ya makara. Cheese Cake na ɗauka daga faifan Go na 1962, shekarar da ya koma Turai da zama, mafi yawa a Kopenhagen har 1976. Yana da halin jefa guntun wata sananniyar waƙa a tsakiyar solo don a yi dariya, na gwada irin haka a wani biki da guntun waƙar da yara ke yi a dandali kuma wallahi mata sun gane sun yi guɗa.

Stan Getz da Paul Desmond na saurare su a mota kawai. Ƴaƴan Lester ne su biyun, murya mai laushi, Getz da bosa nobar Brazil ta 1964, Desmond da Take Five ta 1959 mai bugu biyar. Daɗi kam akwai amma ban ciro komai ba tukuna.

15 ga Janairu

Sonny Rollins ya zo min a kan gaɓa don maƙwabta sun fara magana. Matar mai gidanmu ta aiko yaro wai jaririnta ba ya samun barcin rana, kuma tana da gaskiya, teno ba abin da za ka busa a ɓoye ba ne. Yanzu wani kango nake zuwa a bayan unguwa wanda aka yi wa rufi ba a sa tagogi ba, mai gadin ya ce ba damuwa. Rollins shi ma haka ta same shi, a 1959 yana kan ganiyarsa ya daina fita wasa gaba ɗaya don yana ganin bai kai inda yake so ba, gidansa a New York ba halin busa saboda maƙwabta, sai ya riƙa hawa gadar Williamsburg yana atisaye a can cikin iska da ƙarar jiragen ƙasa har wajen ƙarshen 1961, da ya dawo ya sa wa faifansa suna The Bridge. A kango na gane amfanin abin, babu bangon ɗaki da zai dawo maka da sauti ya ruɗe ka cewa muryarka ta cika, dole ka cika ta da kanka.

St. Thomas na ɗauka daga Saxophone Colossus na 1956. Kalifso ce, kiɗan tsibiran Karebiyan, asalin mahaifiyarsa daga tsibiran Virgin ne kuma a bakinta ya ji karin, ga wanda ya saba hailaif kuwa wannan gida ne, ƙafata ta gane kiɗan kafin kaina. Farkon solon nasa nota biyu kawai ya kama ya yi ta juya su, ya jefa su gaban bugu, ya jefa su baya, ya ninka, ya tsinke, sai da ya tatse su tas sannan ya saki layi. A Blue 7 na faifan ma haka ya yi da ɗan guntun kari. Muryarsa tauri gare ta da kaushi, ta Hawkins ce wanda shi ne gwaninsa tun yana yaro, har suka yi faifai tare a 1963, amma wasa da lokaci da barkwancin nasa ne shi kaɗai. Yana kuma son busa ba fiyano, daga bes, babban abin kiɗan nan mai tsirkiya da kaurin amo, sai ganguna, kamar a Way Out West na 1957, don kada kowa ya tsare masa hanya.

Cikin duk waɗanda na bi zuwa yanzu shi ne wanda darasinsa ya fi shiga aikina kai tsaye. Ba sai kana da notoci dubu ba.

1 ga Fabrairu

Mako biyu ina kan John Coltrane kuma ban ce na gama ko kashi ɗaya ba, don shi ba mutum ɗaya ba ne, wanda ya yi busa a 1957 da wanda ya yi a 1966 sai ka ce ba su san juna ba. Na farko shi ne na ƙungiyoyin Miles Davis da Monk, mai zubo notoci ba ƙaƙƙautawa yana son ya fitar da duk abin da ke cikin kod kafin a wuce shi. Ka saurari Kind of Blue na 1959 inda suke tsaye kafaɗa da kafaɗa da Cannonball Adderley, Cannonball na busa alto cikin fara'a da zaƙi, Coltrane na shigowa fuska a ɗaure, murya miƙaƙƙiya mai ƙarfe-ƙarfe kusan ba karkarwa.

Giant Steps da ya ɗauka a shekarar ita ce jarrabawar da har yau ake tsorata ɗalibai da ita. Gaɓa 16 ce kacal amma tana tsalle tsakanin gidajen sauti uku, wato notar da kari ke zama a kanta, B da G da E-fulat, kusan duk bugu biyu an canza kod kuma da gudu. Ko Tommy Flanagan da ke fiyano a ranar, gwani ne na gaske, kana ji a faifan yana lalube yana tsayawa. Da na rage gudun sai na ga Coltrane ɗin ma dabara ya yi, ƴan ƙananan tsari ne na nota huɗu, ta ɗaya ta biyu ta uku ta biyar, yake ɗorawa a kan kowane kod yana maimaitawa, sai dai ya haddace su har sun zama jini. Na samu gaɓa huɗu a rabin gudu na tsaya nan. Gaskiya ina girmama ta amma ba ta taɓa zuciyata, lissafi ya fi yawa.

Wadda ta kama ni ita ce A Love Supreme. Rana ɗaya aka ɗauke ta, 9 ga Disamba 1964, shi da McCoy Tyner da Jimmy Garrison da Elvin Jones, kashi huɗu, kuma godiya ce ga Allah da ya raba shi da ƙwaya a 1957. A kashin farko akwai ɗan kari mai nota huɗu da bes ke farawa, can wajen ƙarshe sai Coltrane ya ɗauke shi ya yi ta zagayawa da shi gida-gida har ya bi duka goma sha biyun sannan ya ajiye busa ya faɗe shi da baki. Wannan na koya, kuma ya zame min atisaye mai kyau don dole ka san kowane gida. A kashin ƙarshe kuwa addu'ar da ya rubuta a bangon faifan yake karantawa da saksofon, gaɓar kalma ɗaya nota ɗaya. Na kunna wa Baba wannan ya yi shiru har ta ƙare sannan ya ce "Wannan ba wasa yake ba."

Wani abin da ban zata ba, abokinsa ne Babatunde Olatunji makaɗin nan ɗan Najeriya, har ya sa wa wata waƙa suna Tunji a 1962, kuma ɗaya daga cikin wasanninsa na ƙarshe a cibiyar Olatunji da ke Harlem ya yi shi a Afrilun 1967, watanni uku kafin ya rasu yana da shekara 40. Busar wannan lokacin ihu ce da kururuwa, ban iya jure ta fiye da ƴan mintuna ba tukuna. Kuma a kan Coltrane maganata ta gida biyu ta fara rawa, ta Dexter ya bi ya ɗebo daga Lester, yunwar kod irin ta Hawkins ce, amma inda ya ƙare ba gidan kowa ba ne.

12 ga Fabrairu

Ornette Coleman a taƙaice. Alto ɗin roba fara, ba fiyano, ba bin kod, 1959. Da ya zo New York rabin makaɗan garin cewa suka yi bai iya ba. Lonely Woman dai kuka ce zalla, ganguna na gudu busa na tafiya a hankali, kuma yana lanƙwasa nota ta faɗa tsakanin maɓallai da gangan. Sauran faifan da take ciki ban shiga ba, zan dawo masa.

Wanda ya ɗauke min hankali a makon shi ne Rahsaan Roland Kirk, makaho mai rataya abin busa uku a wuya ya busa su lokaci ɗaya, kuma yana iya riƙe sauti na mintuna ba tsayawa don yana shaƙar iska ta hanci yayin da kumatu ke tura wadda ya tara. Turawa na ta mamaki, ni kuwa dariya na yi don duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita a hawan sallah ya ga wannan, kumatu a kumbure sauti ba ya yankewa. Na fara koyo da tsinken shan lemo a kofin ruwa, in kumfar ba ta tsaya ba to ka samu. A kofi ina samu, a kan teno da zarar na shaƙa sai sautin ya mutu.

24 ga Fabrairu

Yusef Lateef, kuma wannan ya kamata kowane Bahaushe mai son kiɗa ya san shi. An haife shi a 1920, ya tashi a Detroit, ya musulunta wajen 1950, teno yake busawa mai kauri cike da buluz amma ya ƙara da sarewar Turawa da obo da kayan busa na gabas tun kafin abin ya zama yayi, ka ji Eastern Sounds na 1961. Ya yi aiki da Cannonball a farkon shekarun 1960. To mutumin nan a Zariya ya zauna daga 1981 zuwa 1985, yana bincike a cibiyar nazarin al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi sarewar Fulani ya yi nazarinta, suka rubuta littafi kan kiɗa da wasannin Hausa shi da Ziky Kofoworola, ya kuma fitar da faifai mai suna In Nigeria. Wato mutumin da ya busa da su Dizzy Gillespie ya zo har Samaru ya zauna gaban makiyaya yana koyo, mu kuma muna nan muna raina abin. Ya rasu a 2013 yana da shekara 93.

Busarsa ba gaggawa, yana iya zama a kan notoci biyar ya yi ta juya su, kuma kunnena bai sha wahala ba ko kaɗan wajen ciro gaɓa takwas ɗinsa don irin wannan tafiyar karin mun taso da ita. Na kuma gwada abin da ban shirya ba, na ɗauki wani karin sarewa da nake ji tun ina yaro a ƙauyen kakata na busa shi a teno da muryar Webster, ƙasa-ƙasa da iska, mai gadin kangon ya leƙo ya ce "Malam, wannan kuma ta ina ka samo ta?"

9 ga Maris

Azumi ya kama, busa da rana ba ta yiwuwa, baki a bushe ga ƙishi kuma ba na son harkar jiƙa rid a baki ina azumi. Sai bayan tarawi nake ɗan taɓawa, shi ma da tsumma a cikin bakin ƙahon don kada a ce na hana mutane hutawa, kangon kuma ba wuta da dare. Saboda haka wannan watan na doguwar nota ne da sauraro.

Na ɗauki kaina a waya ina busa gaɓoɓin duka a jere daga Hawkins har Lateef na tura wa Baba. Ya ce na Rollins da na Dexter sun zauna, na Hawkins murya ta fara kauri amma karkarwar tawa ta tsoro ce, na Parker kuwa in bar shi tukuna. Kan na Lester ya ce notocin daidai ne amma ina sauri in kai ƙarshe kamar ana bina bashi, in koma in koyi rera shi da baki tare da faifan kafin in sake ɗaukar ƙarfe. To shi zan yi har sallah, rerawa ba ta karya azumi. Bayan sallah akwai Wayne Shorter da Joe Henderson da ban taɓa ba, ga bashin Ornette, kuma ina so in gwada rid lamba uku in ga ko notocin sama za su daina tsukewa, wanda zai shigo daga Legas ya ce zai taho min da kwali ɗaya in kuɗin bai sake tashi ba.